Bayan An Buga Min Hatimin Fita

Ranar da za mu hau jirgin ruwa, faɗan yaji ne ya tashe ni daga barcin safe.

"Rekiya, yawon shaƙatawa fa za mu, ba gudun hijira ba!" Muryar Baffa ke nan daga falo. "An ce har ɗakin abincin halal akwai a cikin jirgin nan."

"Halal ɗin da za a dafa maka ganye da ruwa a ce ka ci?" in ji matarsa, Anti Rekiya. "Alhaji, don Allah ka bar ni da akwatina."

Na fito na tarar da ita zaune dirshan a kan kafet, ta ware akwati guda sukutum ta cika shi da yaji, da dambun nama, da kilishin da aka aiko mana daga Kano, da man shanu a gorar ruwa, har da butar roba. Da a wata ranar ce, da sai na yi dariya har na riƙe ciki. Ran nan kuwa ko murmushi na kasa ƙaƙarowa.

Bari in faɗa muku ko ni wace ce, kar ku ce na fara muku labari daga tsakiya. Sunan kakata na ci, shi ya sa ake ce min Surayya, Baffa Maidaji kuma Uwata yake kirana. Ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Abba, shi ya kawo ni Guangzhou karatu, da na gama kuma ya zaunar da ni a ofishinsa na ginin Tianxiu, ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta, ina bin musu kaya a masana'antu.

Tafiyar kuwa kyauta ce. Da aka tashi daga baje kolin Pazhou, wani lawban, wato attajirin Basine, mai masana'antar yadi ya raba wa manyan abokan cinikinsa tikiti: 'yan kwanaki a cikin jirgin ruwa, daga tashar Nansha zuwa tsibiran Filifin masu farin yashi da itatuwan kwakwa. Baffa ya samu uku. Wani tikitin kuma yana hannun Alhaji Abdulgafar, babban dila a Kantin Kwari, wanda matarsa ta rasu bara waccan.

Ai kun ga inda maganar ta dosa.

Ina cikin ninke mayafai Baffa ya leƙo ɗakina, ya ja kujera ya zauna. Tun daga yadda ya cire hula ya ɗora a gwiwa na san ba hira ce ta kawo shi ba.

"Uwata, kin san ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma yau zan fara ba. Amma ki duba shekarunki. Ƙannenki biyu suna ɗakunan mazajensu. Duk wayar da zan yi da Ummanki sai ta yi min kuka, ta ce na kai mata 'ya China na mayar da ita namiji."

"Baffa..."

"Tsaya in gama. Alhaji Abdulgafar ya yi haƙuri da ke. Ya roƙi a ba ku kwanakin nan ku fahimci juna a gabanmu, kafin jirgi ya dawo ki ba shi amsa. In kin ce e, in kira Kano a karɓi gaisuwarsu. Shi ke nan abin da na ɗora miki."

"In kuma na ce a'a fa?"

"Sai ki faɗa min wanda kike jira."

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi. Shi ya faɗi sunan da kansa.

"Ƙasimu. Wallahi, Uwata, ban ƙi yaron nan ba. Ba don ɗan Damagaram ne ba, ba kuma don ba shi da shi ba. Yana da hankali, yana da salla. Amma bizarsa ta mutu tun zamanin annobar korona. Mutumin da in ya hango hular ɗan sanda sai ya faɗa lungu, shi zan danƙa wa amanar yayana? Wa zai ba ku hayar gida da sunansa? In kin haihu, wace takarda za a yi wa yaron? A gabanki na faɗa masa: ya miƙa kansa, a mayar da shi gida, ya turo min manyansa, ya zo min da fuskarsa a buɗe. Me ya ce?"

"Ya ce a ba shi lokaci."

"Azumi nawa aka yi daga lokacin?"

Hawaye suka zubo min, masu zafi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa. Da mugunta ya yi min, da na samu wanda zan yi fushi da shi.

"Kar ki yi min kuka," ya ce, shi ma muryarsa ta soma rawa. "Ni ma girma ya kama ni. So nake in koma gida in huta, in ga yayana a mafarki ban ji kunyarsa ba."

Ya mayar da hularsa ya fita. Na zauna a bakin gado na yi mai isata, sannan na wanke fuska na rufe akwati.

*

Bayan azahar muka ɗau hanyar Nansha. Anti Rekiya tana ta lissafin abin da ta manta, Baffa yana waya, ni kuwa na jingina kai da gilashin mota ina kallon garin da ya raine ni karo na biyu.

Da muka hau gada na hango kogi, sai zuciyata ta koma baya ba tare da na aike ta ba.

A bakin masallaci na fara ganin Ƙasimu, wata Juma'a, shekarata ta farko. Na tsaya gaban mai tsiren rago ina ta nuni da yatsa, shi yana ce min meyo, meyo, ni kuwa ban san babu yake nufi ba, na zaci tayi yake yi min. Sai na ji wani dogo a bayana ya kece da dariya, irin dariyar da take sa mutane waiwaye.

"'Yar Kano, cewa yake ya ƙare," in ji shi. "Ki bar bawan Allah ya tafi gida."

Na galla masa harara. Ya raba nasa tsiren biyu ya miƙo min a takarda. Na ce ba na ci. Kafin mu isa tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na cinye.

Lokacin duk ɗalibai ne mu, aljihu fayau. Abin da muke iya biya na shaƙatawa shi ne ƙaramin jirgin fito da yake tsallaka kogi da ma'aikata da masu kekuna. Ranar Asabar da yamma sai mu haɗu da sauran 'yan makaranta mu hau, mu je wancan gaɓar mu dawo, mu sake komawa, har mai karɓar tikiti ya gane mu yana girgiza kai. Ƙasimu ya tsaya jikin ƙarfe iska tana kaɗa masa riga, yana ba ni labarin Damagaram, da Innarsa mai sayar da fura, da yadda bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba sai da ya zo nan.

"Wannan ai wasan yara ne," yakan ce. "Wata rana a babban bato zan sa ki, mai hawa-hawa, mu tafi inda ruwan yake shuɗi."

"Jirgi ake cewa, Bafaranshen ƙauye."

"Bato dai. Ke ce ba ki yi lakwal ba, makarantarmu ta Faransanci."

Ga shi yau zan hau babban baton, amma ba shi ne ya sa ni ba. Na juya na nemi ruwa a wajen Anti.

Annoba ce ta ɓata mana komai. Ya gama karatu ana tsakiyar kulle, babu jirgin komawa, Inna kuma ta kwanta ciwo, ƙannensa suna makaranta. Ya fara aika fitilun sola gida ana sayarwa, abin ya karɓe shi har ya buɗe ɗan shago. Da aka buɗe hanya bizarsa ta riga ta mutu. Ya ce bari wannan kayan su isa tukuna. Suka isa. Ya ce bari a sallami Inna daga asibiti. Aka sallame ta. Daga nan sai watan gobe, sai bayan salla, sai in an gama baje koli.

A gaban idona mutum ya canja. Ya koma can bayan gari da zama. Ya daina zuwa babban masallaci, ya daina hawa jirgin fito. Mai dariyar nan da take cika titi ya koma magana ƙasa-ƙasa, ko zama zai yi sai ya nemi kujerar da take kallon ƙofa.

Ranar da muka rabu, a wani ɗan shagon taliyar Lanzhou ne. Ina cikin faɗa masa maganar Alhaji Abdulgafar, ina kuka, ina ce masa ya yi wani abu tun kafin a fi ƙarfina. Sai wani ɗan sanda ya shigo, bawan Allah taliya kawai ya zo saya. Na juya in ɗauki tishu, ina juyowa babu Ƙasimu. Ta kicin ya fice. Ya bar ni da kwano biyu suna tururi, da rabin magana a bakina.

Kai, ran nan na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Tun a cikin shagon na toshe lambarsa, na kuma rantse ba zan buɗe ba. Washegari na ce wa Baffa na yarda zan bi su jirgin.

*

Tun daga nesa muka hango shi, fari sol, ya fi ginin Tianxiu faɗi nesa ba kusa ba. Anti Rekiya ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Wannan unguwa guda ce za ta hau ruwa? Alhaji, ka tabbata ba ya nutsewa?"

A ƙofar tashar muka tarar da Alhaji Abdulgafar yana jiranmu, cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya durƙusa ya gaida Baffa duk da ba wata tazara ce mai yawa a tsakaninsu ba, ya gaida Anti, sannan ya juyo gare ni.

"Hajiya Surayya, an iso lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Alhaji."

Ya ɗaga kai yana ƙare wa jirgin kallo. Na zaci zai ce ya yi kyau.

"Kin san me nake tunani? Da a ce kaya yake ɗauka, wannan kwantena nawa zai ci?"

Baffa ya yi dariya. Ni ma na ɗan yi, don kar a ce. Mutumin nan fa ba shi da abin ƙi, wallahi. Bai taɓa ɗaga min murya ba, bai taɓa nuna min kuɗi ba, har marayun unguwarsu yake ɗaukar nauyi. Sai dai in yana magana, ji nake kamar ina ofis.

Cikin tashar ya cika maƙil. Tsofaffin Sinawa da hulunan rana iri ɗaya suna bin mai tuta, yara suna guje-guje da balan-balan, amare da angwaye suna ɗaukar hoto. Kowa baki har kunne. 'Yan sanda da jami'an shige da fice kuwa ko'ina ka juya ga su nan, a ƙofa, a bakin layi, a kan bene.

Duk da haka sai na kama kaina ina waiwaye. Na ce wa zuciyata, ke banza, wa kike nema? Duk faɗin ƙasar nan babu wurin da Ƙasimu ba zai iya takawa ba kamar nan. Mutumin da ya gudu daga mai sayen taliya?

Muka ba da akwatuna, muka hau bene, muka shiga layi. Da aka zo kaina jami'ar ta dubi fasfona, ta dube ni, ta ɗaga hatimi ta buga. Ƙarar ta shiga min har cikin ƙashi. Na ce shiye-shiye, wato na gode, na wuce. Ƙofar ƙarfen ta rufe a bayana, irin wadda ba a komawa ta cikinta.

Muna tsaye a dogon zauren da yake kaiwa gadar shiga jirgi, wayar Anti Rekiya ta yi ƙara. Ta duba, ta saci kallon Baffa da yake can gaba da Alhaji suna maganar farashin yadi, sannan ta tura min wayar a hannu.

"Ungo, naki ne. Ni dai ban san komai ba, kar ki sa sunana."

Na kara a kunne.

"Surayya."

Na yi ta maza na daure murya.

"Me kake so?"

"Matso jikin gilashi ki dubi ƙasa, wajen ƙofar shigowa."

Gefen zauren duk gilashi ne, ana hango babban falon da muka baro a ƙasa. Na matsa. Ga shi nan tsaye a tsakiyar fili, inda babu ko ginshiƙin da zai kare shi, cikin kayansa na Juma'a, ya yi aski, da 'yar ƙaramar jaka a kafaɗa. Ɗan sanda a damansa, wani a hagunsa. Ya ɗago kai yana kallona.

"Innalillahi! Ƙasimu, ka haukace ne? Ka san inda kake kuwa? Fita! Don girman Allah juya ka fita tun ba su lura da kai ba!"

Sai ya yi dariya. Tsohuwar dariyar nan, wadda na yi shekaru ban ji ba, har wata tsohuwa ta waiwaya ta dube shi.

"Ikon Allah. Ke da kika toshe ni don na gudu, yau ke ce mai cewa in gudu?"

"Ba wasa nake ba! Za su kama ka!"

"Ba sai sun wahala ba. Kaina na kawo musu."

Na dafa gilashin. Kuka ya ƙwace min, ban damu da masu wucewa ba.

"Shagon fa?"

"Na bar wa Umar Faruƙ, abokin zamana. Abin da ya samu ya aika wa ƙannena."

"Inna fa? Wa zai riƙe ta?"

"Inna ce ta ƙarasa ni. Na kira ta bayan abin da ya faru a shagon taliya, na faɗa mata komai, ban ɓoye ba. Sai ta ce, 'Ashe da gudu kake ciyar da ni? To ni ba fitila nake so ba, fuskarka nake so in gani kafin in mutu.' Surayya, ran nan ban iya cin abinci ba."

"Za su tsare ka fa."

"Na sani."

"Za su mayar da kai gida, su hana ka shigowa shekara da shekaru."

"Na tambaya. Duk na san wannan."

Sai fushi ya taso min a tsakiyar kukan, don ni haka nake.

"To me ya sa sai yanzu? Me ya sa sai da aka buga min hatimi? Mugu kawai! Da ka zo ɗazu ina ƙasa, da ko sallama mun yi kamar mutane!"

"Tun kafin ku iso nake nan," ya ce a hankali. "Ina waje ina kallonki kina ta waiwaye. Da na fito tun kina wannan ɓangaren, da kin riƙe min riga kin ce in bari sai watan gobe. Ni kuma na san kaina, da na bari. Shi ya sa na roƙi Anti ta sanar da ni in kin tsallaka."

Ta ina zan ƙaryata shi? Yanzun nan na gama ce masa ya gudu.

"Saurare ni, lokaci ya ƙure," ya ci gaba. "Ban zo in hana ki tafiya ba. Ban kuma zo in ce ki jira ni ba, wannan bakin na cinye shi tuntuni. Alhajin nan mutumin kirki ne, na bincika. In shi kika zaɓa, wallahi ba zan ce kin ci amanata ba. In kuma ni ne, to ki sani Guangzhou ta ƙare mana. Babu ofis, babu kogi, babu metiro. Damagaram ce, da zafinta, da ɗakin Inna, da mutumin da zai fara daga farko. Na san yadda kike son garin nan, kar ki yaudari kanki."

"Ƙasimu..."

"Abu ɗaya nake roƙo. Kira min Baffa. So nake ya gani da idonsa."

Ban san da wace murya na kira shi ba. Na dai ga Baffa ya juyo a firgice, ya taho da sauri, Alhaji Abdulgafar yana biye da shi.

"Lafiya? Uwata, me ya same ki?"

Na nuna masa ƙasa.

Ƙasimu yana ganinsa ya sauke wayar daga kunne, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar falon nan, gaisuwa irin ta gida, a gaban ɗaruruwan mutanen da ba su san me yake yi ba. Aka dare aka ba shi fili. Ɗan sandan da yake damansa ya juyo yana kallonsa.

Ya miƙe, ya sa takalminsa, ya ciro fasfo daga aljihun gaba. Ya taka zuwa wajen ɗan sandan, ba sauri ba sanɗa, ya miƙa masa da hannu biyu.

Mutumin ya buɗe, ya yi ta juya shafuka, ya tsaya a kan ɗaya ya daɗe. Ya ɗago ya dubi Ƙasimu, ya yi masa tambaya, Ƙasimu ya gyaɗa kai. Ya kira na biyu. Babu wanda ya taɓa shi. Suka sa shi a tsakiya suka nufi wata ƙaramar ƙofa a gefe, yana tafe kansa a ɗage. Daf da zai shiga ya ɗaga hannu sama bai waiwayo ba, ƙofar ta rufe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Baffa. Ya cire hula ya share fuska da ita. "Yaron nan... kai, yaron nan! Ashe zai iya?"

Anti Rekiya tana gefe tana fyace hanci da bakin gyale. Ni kuwa na zame na tsuguna jikin gilashin. Tausayinsa ya cika ni, da alfahari da shi, da wani irin tsoro, don na san ya gama nasa, saura nawa.

Ana cikin haka wayar Baffa ta ɗau ƙara. Ya duba ya ce, "Kano ce." Ya danna, muryar Umma ta fito kowa yana ji.

"Maidaji, kuna ina? Ga mutanen Alhaji Abdulgafar nan sun yi mana sammako, mota uku, da goro da alawa da kuɗin gaisuwa. Suna zaure wajen kawun Surayya. An ce kai ake jira, a karɓa?"

Baffa ya juya ya dubi Alhaji.

"Alhaji, yaya haka? Ba cewa muka yi sai jirgi ya dawo ba?"

Alhaji Abdulgafar ya yi tsuru-tsuru, gumi ya tsatso masa a goshi.

"Wallahi ba da wata manufa ba ne, Baffa. Gani na yi tunda ta yarda ta hau jirgin, ai magana ta ƙare. Sai na ce su je yau a rage aiki, mu dawo mu tarar an gama."

Kun ji fa. Har da ni ma ya yi odar gaba, kamar kayan da ake jira a tasha.

Lasifika ta fara kiran fasinjoji su ƙarasa shiga. Mutane suna ta wuce mu da jakunkuna da dariyarsu. Babu hanyar komawa ƙasa, dole mu huɗun nan mu shiga jirgi ɗaya, mu zauna teburi ɗaya har a je a dawo, kowace amsa na bayar.

"Maidaji, kana jina?" in ji Umma. "Mutane fa suna zaune."

Baffa ya dubi ƙaramar ƙofar can ƙasa, ya dube ni. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Hajiya, ni yau bakina ya mutu," ya ce. "Ga 'yarki nan."

Ya miƙo min wayar.

Na miƙe tsaye. Ta cikin gilashin ina hango titin da ya kawo mu, wanda yake komawa garin da na yi ƙuruciyata a ciki, garin da na san kowane lungunsa fiye da na unguwarmu. Wallahi ina son garin nan, har yau in na tuna shi sai ƙirjina ya yi nauyi.

Na juya wajen Alhaji Abdulgafar na ɗan rusuna.

"Alhaji, ka yafe min. Ba ka yi min komai ba sai alheri."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya kau da kai.

Na kara wayar a kunne.

"Umma, ni ce."

"Surayya? Kuka kike yi? Me ake ciki ne wai?"

"Umma, a shimfiɗa musu darduma, a kai musu ruwa da abinci, a girmama su. Amma don Allah kar a karɓi ko ƙwayar goro ɗaya."

A waje jirgin ya saki wata doguwar busa da ta girgiza gilashin.

"Ke 'yar nan," in ji Umma, muryarta ta yi ƙasa, "kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani, Umma. Akwai wasu baƙin suna tafe daga Damagaram. Za su daɗe a hanya, amma suna tafe."